Kazar da Aka Ɗora Tare da Yaya

A gidanmu na unguwar Maamobi akwai wata kaza da ba a yankawa. Baƙo in ya shigo ya gan ta tana ɗingishi tsakanin bokitai da murhun gawayi, yakan tambaya me ake jira da ita, tunda ta tsufa kuma ta daina ƙwai. Sai a ce masa ta Yaya ce, a wuce zancen.

Yaya shi ne ɗan fari a wurin Mma, ni ne auta. Bai yi boko ba. Daga makarantar allo ya shiga aikin lodi a wani babban sito na shinkafa da sukari, kuma da guminsa aka tura ni makaranta. Ban yi nisa ba na dawo na koyi ɗinki, na buɗe ɗan shago kusa da mahaɗar Kawukudi. Amma ɗan Turancin da na tsinto ya ishe ni in riƙa tsoma baki a kowace magana, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Shi ya sa Yaya yake kirana Lauya. Da farko ina jin daɗin sunan, sai daga baya na gane tsiya yake yi mini.

Wata rana yana saman tirela yana ɗaure tampol, igiya ta tsinke a hannunsa, ya faɗo ƙasa. Abokan aikinsa suka kai shi asibiti a motar kamfani. Ko da muka isa, mun tarar ƙwaurinsa na hagu ya karye, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Likita ya ce za a yi aiki a sa ƙarfe a ciki.

Kalmar ƙarfen nan ce ta tayar wa Mma da hankali. A unguwarmu kowa yana da labarin wani da aka sa wa ƙarfe, ƙarshe aka yanke ƙafar. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, babu wanda ya taɓa bincikawa. Mma ta zauna a barandar asibiti tana kuka, maƙwabta suna zuwa dubiya kowa da shawararsa, kuma duk shawarar wuri guda take nufa, wato gidan wani tsoho mai ɗori a unguwar Nima, ɗan ƙabilar Dagomba. Ni na tsayar da tasi, ni da wani maƙwabci muka ɗauko Yaya muka sa shi a baya. Wata nas ta biyo mu har ƙofa tana faɗa, na mayar mata da Turanci, ina jin kaina wani babba.

Gidan tsohon yana bakin babbar kwata, ta wani lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa. Ya shafa ƙafar da yatsunsa, ya ce a kawo kaza mai rai wadda ba ta fara ƙwai ba. Na je kasuwa na sayo wata ja. Aka kwantar da Yaya a tabarma, ni na riƙe ƙirjinsa, wasu maza suka riƙe ƙafar, tsohon ya ja har ƙashi ya koma wurinsa. Yaya bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, guminsa yana jiƙa mini riga. Tsohon ya yi 'yan tsage-tsage da aska a ƙwaurin, ya cusa baƙin magani, ya shafe da man kaɗe, ya naɗe da karare da aka saƙa kamar asabari. Da ya gama sai ya kama kazar, ya karya mata ƙafar hagu a daidai wurin, ya ɗora ta da tsinken tsintsiya da zare.

Ya ce da irin Hausarsa, "Ranar da kaza ya taka ƙasa, kai ma za ka taka."

A wani ɗaki na gidan tsohon Yaya ya yi jinya, kazar tana cikin kwando kusa da kansa. In na kawo masa koko da burodi da safe, sai ya fara marmasa mata kafin ya kai bakinsa. Ita ta riga shi takawa, shi ma bai daɗe ba ya miƙe da sanda. A al'ada kazar ta mai ɗori ce, amma Yaya ya roƙi tsohon ya bar masa ita, ya sa na sayo wata na ba shi a madadinta. Haka suka dawo gida tare, su biyu suna ɗingisa ƙafa ɗaya.

Kamfani bai yi rigima ba a lokacin. Suka ba shi ɗan abin da suka ba shi, suka ajiye shi a bakin get na wani lokaci, daga baya ya koma lodi. Ƙafar ta ɗan gajarta, amma tana aiki. Shekaru suka wuce har muka manta, in ban da kazar da ke tuna mana.

A masallaci na fara lura. Wurin zaman tahiya sai na ga Yaya ya miƙe ƙafar gefe, yana cije leɓe. Da na tambaye shi ya ce sanyi ne. Daga nan hawa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya fara yi masa wuya, sai kwandasta ya jawo shi. Wata safiya ya kasa tashi daga tabarma. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce ba ƙwaurin ba ne, ƙugu ne. Kan ƙashin cinya ya lalace, jini ba ya isa wurinsa. In ba a cire shi an sa wani ba, Yaya zai zauna ke nan, ba zai ƙara tafiya ba. Aikin kuwa ya fi ƙarfin gidanmu, ko da na sayar da keken ɗinkina da shagon duka.

Na je kamfanin. Wanda ya karɓe ni wani mutumin Kumasi ne mai ladabi, har ruwa ya ba ni. Ya ce ba su musa cewa Yaya ya faɗo ba, amma waccan faɗuwar ƙwauri ta karya, kuma an rufe zancenta tuni. Wannan ƙugu ne, ciwo dabam. Sannan Yaya ya bar asibiti ba da izinin likita ba, su ba su san hannun da ya taɓa ƙafar bayan haka ba. Na fito na wuce ofishin ƙwadago na kai ƙara. A can aka ce za a tura Yaya gaban kwamitin likitoci, su duba su faɗi ko ciwon yau daga faɗuwar ya samo asali. In sun ce e, kamfani zai ɗauki nauyin aikin. In sun ce a'a, shi ke nan.

Tun a cikin trotro na yanke shawara cewa ba za a ji sunan Nima a bakin kowa ba. Ina gaya wa kaina don Yaya nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kunya ma. Ba na so in tsaya gaban likitoci ana zancen kaza da baƙin magani, su dube ni su ce ga irin mutanen Zongon nan, kamar yadda ake kiran unguwanninmu.

Na fara koya masa abin da zai faɗa. Yana kwance a tabarma a tsakar gida, ni ina kan benci.

Na ce, "In suka tambaye ka ina ka tafi da ka bar asibiti, me za ka ce?"

"Nima."

"Ba Nima ba, Yaya. Gida."

"Ai gida na zo, bayan na tashi daga Nima."

"Ka manta da Nima ɗin nan. Ka ce gida ka kwanta har ƙashi ya haɗe."

"Shi kaɗai ya haɗe?"

"Shi kaɗai."

Ya dube ni ya ce, "Lauya, a shagonka in an kawo yagaggen wando, ajiye shi kake yi ya ɗinke kansa?"

Matarsa tana tankaɗe a gefe, ta tuntsire da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, na tashi na bar musu wurin.

Ban tsaya nan ba. Na je har gidan tsohon, domin na ji ana cewa kamfanoni kan aiko mutum ya yi bincike a unguwa. Na same shi a kan wata kujerar katako a inuwa, idonsa ya yi rauni, ɗansa ne yake yin ɗorin yanzu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna, da na faɗi gidanmu nan take ya gane.

Ya ce, "Ya ƙafana? Yana lafiya?"

Haka yake kiran duk ƙafar da ya ɗora, tasa ce. Na gaya masa zancen ƙugun. Ya ce Yaya bai taɓa ce masa ƙugu na ciwo ba, da ya faɗa da ya ce mu mayar da shi wurin masu hoto, don ƙugu ba aikinsa ba ne. Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce in wani ya zo tambaya, ya ce bai san mu ba.

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "To, zan ce ban san ku ba. Kai kuma ka gaya wa ƙafa ya ce bai san ni ba."

Da zan tafi ya tambaye ni ko kazar tana nan. Na ce tana nan. Ya ce in gaishe ta.

Wannan gaisuwar ce ta tuna mini cewa a gidanmu akwai abin da zai tona mu. Duk yaran gidan hayarmu sun san labarin kazar, baƙo yana tambaya za su zazzage masa. Ranar wata Juma'a da safe na kama ta a bayan randa, na ɗauko wuƙa, na ce wa matar Yaya ta ɗora ruwan zafi. Ta tsaya tana kallona, ba ta motsa ba. Kukan kazar ne ya fito da Yaya. Ya jawo jikinsa da sanda har bakin ƙofa.

"Lauya, me ta yi maka?"

"Shaida ce, Yaya. In mutumin kamfani ya zo ya gan ta, mun faɗi."

"Au, a kotunku yanka shaidu ake yi?"

Ya sauka a hankali ya zauna a dokin ƙofa, ya miƙo hannu. Ban san lokacin da na miƙa masa ita ba. Ya ɗora ta a cinyarsa mai lafiya, yana shafa bayanta har ta yi shiru.

Ya ce, "Ni igiya ce ta karya ni, ina neman abincin 'ya'yana. Ita kuwa tana kiwonta aka kamo ta aka karya ta saboda ni. A gidan tsohon nan, in kun kawo abinci kun tafi wurin aikinku, ni da ita ake bari. In ciwo ya ishe ni sai in dube ta, in ga ita ma ta lafe tana haƙuri."

Mma tana zaune a kan buzunta da carbi, ban ma san tana saurare ba. Ta ce, "Mai da wuƙar nan inda ka ɗauko ta. In mai laifi suke nema, ni na yi kuka aka fito da shi. Ka kai ni gabansu in faɗa."

Na mayar da wuƙar. Amma ban sauya shawara ba, na dai ce a raina ranar zaman ni zan yi magana, tunda da Turanci za a yi.

Ranar muka ɗauki tasi, aka tura Yaya a keken marasa lafiya zuwa wani ɗaki mai sanyi. Likitoci suna zaune a bayan dogon tebur, shugabarsu wata mace ce mai furfura da tabarau. Mutumin kamfani yana gefe, ya gaishe mu da kai. Aka liƙa hotunan ƙashi a jikin fitila. Shugabar ta tambaya da Turanci ina aka kai shi bayan ya bar asibiti. Na yi sauri na ce gida, ya kwanta har ya warke.

Ta taso ta zagayo, ta ce a naɗe masa wando. Ta sunkuya ta bi ƙwaurin da yatsa. Alamun tsagen nan suna nan a jere, baƙaƙe, kamar ɗinkin hannu. Na sha ganinsu, amma ban taɓa tunanin wani zai duba ba. Ta ɗago ta dubi Yaya, ba ni ba, ta yi masa magana da yaren Twi, wanda ya fi ni iyawa saboda zaman sito.

"Baba, wa ya ɗora maka ƙafar nan?"

Yaya ya ce wani tsoho ne a Nima, Allah ya saka masa.

"An karya kaza?"

"An karya."

"Ta taka?"

"Ta riga ni ma. Tana gida yanzu haka. Ƙanena ya hana ni, da na zo da ita."

Ɗaya daga cikin likitocin ya rufe baki da hannu. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta ce kakarta ma a arewa haka aka yi mata. Sai ta ci gaba da tambaya. Ina tsohon ya taɓa? Yaya ya ce daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya taɓa ƙugu? Bai taɓa ba. Ta wane gefe ya faɗo daga motar? Ta hagu, ƙugun ne ma ya fara dukan ƙasa. To me ya sa bai faɗa a asibiti ba? Ya ce zafin ƙwaurin ya danne komai, daga baya kuma da yake jin ƙugun yana ɗan suka, ya ɗauka gajiyar lodi ce.

Mutumin kamfani ya nemi izini ya tambaya ko an ja ƙafar lokacin ɗorin. A nan na so Yaya ya yi shiru. Ya ce an ja, sosai ma, maza ne suka riƙe, ga ƙanensa nan shi ya danne masa ƙirji. Mutumin ya rubuta.

Shugabar ta koma wurin hoton, ta nuna wani siririn layi a wuyan ƙashin. Ta ce wannan tsohuwar tsaga ce, irin wadda faɗuwa daga sama ke yi, kuma da ya zauna a asibiti wataƙila da an gan ta. Jan da aka yi wa ƙafar yana iya ƙara mata, babu wanda zai rantse bai ƙara ba. Ta ce za su tattauna, a sanar da mu.

Muka shiga tasi, muka wuce unguwar Kanda. Sai na ce, "Yaya, ka ba su abin da za su kayar da mu."

Ya ce, "Wataƙila. Amma mutumin nan ya yi ta shafa ƙafata da hannunsa, ƙafar da ni kaina ba na son kallo. Ba zan iya cewa ban san shi ba." Ya dafa gwiwata. "Na san don ni ka yi. Turancin naka dai ya fito da kyau."

Mun jira, kuma jiran ya yi tsawo. Yaya ya rame, ya koma sallah a zaune. Ni kuma na daina surutu a gida, har Mma ta tambaya ko lafiya. Da hukuncin ya zo, rabi ne namu. Kwamitin ya ce lalacewar ƙugun daga faɗuwar take, don haka kamfani zai ɗauki nauyin aikin. Gajartar ƙafar kuwa da abin da ya biyo bayan barin asibiti, wannan namu ne, ba za a ba shi komai a kai ba. Na fara cewa za mu ɗaukaka ƙara. Yaya ya ce ƙafa ya je nema, ya samu, in bar mutane su huta.

Aka yi aikin, aka sa masa ƙarfen da muka gudu a farko. Mma ta yi kuka a wannan karon ma, amma ba ta ce a fito da shi ba. Duk kwanakin da ya yi a asibiti ni nake ciyar da kazar. Ba ta yarda da ni ba, sai na zuba dawa na ja da baya sannan take matsowa. In na je dubiya, kafin ya tambayi 'ya'yansa sai ya tambaye ta.

Ranar da aka sallamo shi ya shigo tsakar gida da sanduna biyu, mata suna ta barka. Kazar ta fito daga bayan randa da ɗingishinta. Ya tsaya ya dube ta ya ce, "Hajiya, ke kaɗai ce kamfani bai biya ba."

Da ya fara tafiya da sanda ɗaya, ya ce in raka shi Nima. Na ce ina da ɗinki. Ya ce ɗinkin zai jira. A ƙafa muka tafi, a hankali, muna tsayawa yana gaisawa da masu shaguna. Muka shiga lungun, muka sami tsohon a kan kujerarsa. Yaya ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne.

Tsohon ya karkata kai ya ce, "Su wa? Ban san ku ba."

Na durƙusa a gabansa. Sai ya fashe da dariya har da tari, ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce a matso masa da ƙafarsa. Yaya ya matsa. Tsohon ya bi ƙwaurin da yatsu, ya haura har ƙugu inda sabon tabo yake, ya daɗe yana shafa shi.

Ya ce, "Nan aikina, nan aikinsu. Su ma sun iya."

Da za mu koma na ce in tsayar da tasi, don na ga gumi a goshinsa. Yaya ya ce a'a, ya gyara riƙon sandarsa ya shige gaba. Na bi shi a baya har Maamobi.